Waiwaye: Inda Zaren Horar da Masu Digirin Digirgir Ya Tsinke

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, wanda ke shekara ta huɗu a karatun digirin digirgir a wata jami'a a nan Legas, ya iske ni a gida Agege bayan sallar isha'i, jakarsa fal da takardu. Ya ce, "Kawu, an ce in rubuta takardar neman tallafin bincike, ni kuwa ban taɓa ganin ko kamarta ba." Yaron nan ba rago ba ne. Babi uku ya rubuta na kundinsa. Amma bai taɓa tsayawa gaban masana ya gabatar da aikinsa ba, bai san yadda ake amsa gyaran da mujallar ilimi ta aiko ba, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake tsara kasafin kuɗin bincike.

Irin wannan ne ake ta muhawara a kai yanzu, a jaridu da rediyo, har a majalisar da 'yan uwanmu ɗalibai kan yi bayan Juma'a a wajen Akoka da Ojo, unguwannin da jami'o'in Legas suke. Wasu na cewa yaran zamani laƙabin Dokta kawai suke so. Wasu na cewa a tilasta darussan rubutu da ƙididdiga da dabarun koyarwa. Wasu kuma sun ce ɓata lokaci ne, tunda duk mai ƙwazo zai koya da kansa. Abin da ya dame ni shi ne, duka ɓangarorin suna magana kamar jiya abin ya faɗo daga sama. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, rahoton kwamitin Ashby kan ilimi mai zurfi a Najeriya ya fito a 1960, sai Jami'ar Legas da ta Ahmadu Bello a Zariya suka biyo baya a 1962. Da arzikin man fetur ya zo, aka ƙara wasu jami'o'i bakwai a 1975, Jihar Legas ta kafa tata a Ojo a 1983. A waɗannan shekarun, ɗalibin da ya yi zarra ana riƙe shi a matsayin ƙaramin malami, sannan a tura shi Ingila ko Amurka, ko a haɗa shi da wani babba a gida.

Wurin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne: ta wace hanya mutanen wancan lokaci suka koyi sana'ar bincike? Ba a aji ba. Babu wani darasi mai suna "yadda ake zama mai bincike". A gindin malami suka koya, kamar yadda muka sani a karatun zaure, inda almajiri ba littafin kaɗai yake ɗauka ba, yana ganin yadda malam ke buɗe mas'ala, da yadda yake ƙin yanke hukunci sai ya duba, da yadda yake mayar wa abokin musu magana. Ƙaramin malami shi ke wanke kwalaben ɗakin gwaje-gwaje, shi ke duba kurakuran bugu a maƙalar ubangidansa, shi ke ɗaukar masa jaka zuwa taron ƙara wa juna sani, ya zauna a baya yana kallo. Ko a kasuwar dabbobi haka yaro ke koyon gane lafiyayyar dabba, ba wanda ke rubuta masa a allo. Wannan tsari yana da kyau ƙwarai, amma yana da rauni guda: ya rataya ne a kan zama tare. In malam ya tashi, ko almajiri ya daina samun zama, shi ke nan.

Abin da ya faru ke nan a shekarun 1980. Farashin mai ya karye, a 1986 kuma aka shiga shirin gyaran tattalin arziki. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala kafin lokacin, bayan shekara guda sai an ba da kusan huɗu kafin a sami dala ɗaya, daga nan ta ci gaba da zamewa. Mujallun ilimi da dala ake saye, sinadaran gwaji da dala, kuɗin makaranta a waje da dala. Ɗakunan karatu suka daina karɓar sababbin mujallu. Tura ƙananan malamai waje ya ja baya. Manyan malamai da yawa, musamman likitoci, suka tafi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, wasu Amurka da Ingila, daga baya wasu kudancin Afirka. Waɗanda suka tsaya, Allah ya saka musu, sai da suka haɗa da wasu ayyuka don riƙe gida.

An yi ta kuka kan tafiyar manyan, kuma ya cancanta. Amma ni a ganina babbar asarar a kan waɗanda aka bari a tsakiyar karatu ta faɗa. Su ne suka yi digirinsu a shekarun 1990 da tsofaffin mujallu, a ɗakunan gwajin da ba kayan aiki, ba wanda ya ja hannunsu zuwa taro ko ya zaunar da su suka rubuta neman tallafi tare. Sun sha wuya sun gama, da yawansu da ƙwazon da ya fi namu. Bayan shekara goma, su ne suka zama masu duba ayyukan ɗalibai, ga ɗaliban sun ninka. Ba laifinsu ba ne, abin da ba a ba ka ba ba za ka miƙa ba. Kuma da yake takardar shaida ba ta daina fita ba, ba a lura zaren ya tsinke ba. Da darasi ne a jadawali aka soke, da an gani an yi magana.

Legas ta ƙara nata. A nan ɗalibin digirin digirgir sau da yawa magidanci ne mai aiki, yana koyarwa a wata kwaleji ko yana ofis a tsibirin Legas, gidansa kuma a Ikorodu ko Mile 12. Kafin ya fito daga gosulo ya isa makaranta, malamin ya shiga wani taro. Ɗan Arewa kuma ga ɗawainiyar gida biyu a kansa, na nan da na can. Irin zaman da ake koyon sana'a a cikinsa ba ya yiwuwa ga wanda ke leƙowa sau biyu a wata.

Ba mu kaɗai wannan tsari ya gaza wa ba. A Birtaniya, rahoton Roberts na 2002 ya ba da shawarar a ware wa kowane ɗalibin digirin digirgir aƙalla mako biyu a shekara don koyon irin waɗannan ƙwarewa, Turai kuma ta fitar da ƙa'idojin Salzburg kan horar da masu digirin digirgir a 2005. Wato sun ɗauki abin da a da ake tsinta a bakin malam, suka rubuta shi, suka sa masa lokaci da kuɗi.

A nan ma abubuwa sun motsa. Harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni da aka kafa a 1993 shi ya zama asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a 2011, kuma malamai da dama sun yi karatu da kuɗinsa. Shirin cibiyoyin ƙwarewa na Bankin Duniya ya fara a 2014, daga baya Jami'ar Legas ta sami cibiyar binciken magunguna, ta Ojo ta sami ta koyar da kimiyya da lissafi. Jami'ar Legas tana cikin ƙawancen jami'o'in bincike na Afirka, wato ARUA, da aka kafa a Dakar a 2015. Bita ta yawaita, intanet ta kawo mujallu har cikin waya. Wanda ya dace da shiga irin waɗannan cibiyoyi yana samun horo na gaske. Sai dai su tsirari ne, kuma bitar kwana uku za ta koya maka amfani da manhajar ƙididdiga ta SPSS, amma ba za ta zauna da kai wata shida tana jan layi a ƙarƙashin jimlolinka ba.

Ɗan ƙanwata dai na haɗa shi da wani dattijo a Idi-Araba, wanda ya yi ritaya bayan shekaru yana koyarwa. Ranar farko ya mayar masa da shafi biyu jajur da jan biro, ya ce, "Ɗana, faɗa mini da Hausa abin da kake son ganowa, sannan mu koma Turanci." Yanzu duk Asabar yana can bayan azahar, kuma makon jiya ya tafi da abokan karatunsa biyu. Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar takardun neman tallafin.