Wasan harbin zombi a kan Wii: tambayoyin da 'yan Damagaram suka fi yi

Wane irin wasa ne wannan?

Zombi gawa ce mai tafiya, irin ta finafinan Turawa, kuma aikinka harbe ta kafin ta cafke ka. Ba kai ke tafiyar da mutumin ba. Wasan ne ke jan ka daga lungu zuwa lungu, kai dai saiti da harbi. Kamfanin Nintendo ya fito da Wii, na'urar wasan bidiyo da ake haɗawa da tele, a 2006, daga nan irin wannan wasa ya samu gida: Resident Evil: The Umbrella Chronicles na Capcom a 2007, The House of the Dead 2 & 3 Return na Sega a 2008, sai The House of the Dead: Overkill da Resident Evil: The Darkside Chronicles a 2009.

Yaya bindigar ke sanin inda na saita a jikin tele?

Ba ta ganin tele sam. Wanda ya gane wannan ya gama da rabin matsalolinsa. A bakin telekoman ɗin Wii akwai ƙaramar kyamara da ke ganin wani haske wanda idon mutum ba ya gani. Siririyar sandar nan da ake ɗorawa a kan tele, mai tsawon kusan santimita 20, ita ke fitar da hasken: ƙananan ƙwayaye biyar a dama, biyar a hagu. Kyamarar na ganinsu kamar ɗigo biyu, ta aika wa na'urar matsayinsu ta Bluetooth, na'urar ta lissafa inda ka nuna. Bindigar roba kuwa, wato Wii Zapper ta 2007, kwanso ce kawai da ake cusa telekoman a ciki. Babu waya ko batir a jikinta.

Tsofaffin bindigogi na zamanin Duck Hunt, tsohon wasan harbin agwagwa na Nintendo, su ne ke karanta hasken gilashin tele, shi ya sa ba sa aiki sai da tele mai ƙeya. Wii ba ruwanta, mai ƙeya da shafaffiya duk ɗaya ne.

Alamar saiti na rawa, wani lokaci ta ɓace. Na'urar ce ta lalace?

Da wuya. Fara duba taga. Hasken rana cike yake da irin hasken da kyamarar ke nema, ranar Damagaram kuwa ba a magana. Idan akwai taga ko ƙofa buɗe a bayan tele, kyamarar za ta ga ɗigo uku ko huɗu, ta rasa na gaskiya. Haka ma ƙwan fitila mai zare, madubi, ko tebur mai gilashi da ke maido da hasken sandar. Ja labule, ka shimfiɗa zane a kan teburin.

Sai tazara: tsaya tsakanin mita 1 zuwa 3. Sandar ta zauna a tsakiyar tele, bakinta daidai da bakin abin da aka ɗora ta. A cikin saitunan na'urar akwai wurin da za ka faɗa mata ko sandar tana sama ko ƙasa da tele. Idan ka yi kuskure a nan, harsashi zai riƙa sauka can nesa da inda ka nufa. Kusa da shi akwai ma'aunin ganin kyamara, daga 1 zuwa 5. Zai nuna maka abin da telekoman ke gani. Ka danna + ko − har sai ɗigo biyu rak sun rage. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge baƙar robar bakin telekoman da ta gaban sandar, don ƙura na dusashe su cikin kwana kaɗan.

Sandar ta mutu, ko ban samu da ita ba.

Gwada ta tukuna. Kunna na'urar, ka leƙa sandar ta kyamarar salula. Idan tana da rai, yawancin wayoyi za su nuna ƙwayayen suna ci. Igiyar wutar sandar siririya ce ƙwarai, nan ta fi tsinkewa. Tun da ba ta aika komai sai haske, kyandir biyu a gaban tele, tazarar kamu ɗaya, za su yi aikinta. Amma wannan na gwaji ne: harshen wuta na kaɗawa da iskar fanka, saitin ya kaɗa tare da shi, ga kuma haɗarin gobara. Akwai sanduna masu batir da masu USB, su ne mafita.

Me zan duba kafin in sayi ta hannu?

Abu biyu ke sa mutane kuka. Na farko wuta. Kuran ɗinmu 220 ne, na'urar da ta fito daga Amurka kuwa akwatin wutarta na 120 ne; ka soka shi kai tsaye, ya ƙone nan take. Karanta rubutun jikin akwatin. Na biyu faifai. Wii ta Turai faifan Turai kawai take karantawa, mai alamar PAL, ta Amurka kuma NTSC. Kayan da ke shigowa ta Kano da waɗanda aka kawo daga Faransa sukan cakuɗe a kasuwa, don haka ko a kasuwar Dole ne, kada ka biya sai an saka faifan an kunna a gabanka.

Wii ba ta da ramin HDMI, irin wanda ake haɗa sababbin tele da shi. Ka tabbata telenka na da ramukan nan uku, rawaya, fari da ja. Idan an ɗauke kuran an maido, na'urar ta ƙi tashi, zare akwatin wutar daga bango da kuma jikinta, ka bar shi minti biyu. Sau da yawa shi ke nan. Telekoman na cin pil biyu masu lamba AA. A cire su idan za a ajiye, don zafin bazara na sa su zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki.

Na danna kunama, harbin na makara.

Wannan laifin shafaffiyar tele ne, tana ɓata lokaci wajen gyara hoto. Nemi saitin wasa a cikinta ka kunna.

Yaya zan daɗe ban mutu ba?

Harbi kan zombin. Harsashin ƙirji ɓarna ne, zombin zai ci gaba da tahowa. Sake ɗura bindiga a duk sararin da ka samu, kada ka jira ta ƙare. Wani wasan girgiza telekoman ake yi, wani kuma a nuna wajen tele. A House of the Dead 2, kafin kowane babban dodo ana nuna maka inda lagonsa yake, kuma ceton mutanen gari na iya ba ka ƙarin rai ko ya buɗe wata hanya. Mai saurin jiri ya yi hattara da Darkside Chronicles, hotonsa girgiza yake da gangan.

Yara fa?

A'a. Jini ne da sassan jiki ko'ina, Overkill kuma an yi masa alamar shekara 18 a Turai, ga ashar kamar ruwan sama da Ingilishi. Idan yaro na son bindigar, ba shi Link's Crossbow Training, wanda aka haɗo da Zapper tun farko: yawancinsa harbin allon saiti ne, babu jini.