Ina ake samun zaman masu barin giya, kuma ta yaya ake gane na gaskiya?

Zama ne da masu son daina shan giya ke haɗuwa don taimakon juna, amma ba za ka ga allo a bakin titi an rubuta "nan masu barin giya ke taruwa" ba. Kunya ta hana, a jihohin da ake shari'a kuma tsoron Hisba ya ƙara rufe bakin mutane. Shi ya sa mai nema yakan ɗauka babu. Sai dai a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Amma kafin zama, a duba jiki tukuna. Wanda ya saba sha kullum, burukutu ce ko ogogoro ko 'yar leda, har in bai kurɓa da safe ba hannunsa na karkarwa, kada ya daina farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Giya ta daɗe tana danne ƙwaƙwalwarsa, in aka janye ta kwatsam sai ƙwaƙwalwar ta zabura. Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe karkarwa, zufa, amai da rashin barci ke farawa. Cikin kwana biyun farko ana iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na uku ne abin ya fi muni: mutum ya rikice, ya riƙa kakkaɓe ƙwarin da ba kowa ke gani ba, zazzaɓi ya rufe shi. Iyali sukan ce iska ce. Ba iska ba ce, kuma tana kisa. A asibiti ana ba da maganin kwantar da jijiyoyi a riƙa rage shi a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Zaman 'yan'uwa ba ya maye gurbin wannan.

Ƙofar asibitin nan ita ce kuma hanya mafi kusa ta samun zaman. Je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa: asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, ko na Dawanau da na Malam Aminu Kano a Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Ka tambayi nas ko jami'in walwala kai tsaye: "Akwai zaman rukuni na waɗanda suka bar shaye-shaye? Wace rana, ƙarfe nawa?" Ofisoshin NDLEA, hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, na jihohi ma suna da masu ba da shawara, musamman idan an haɗa giya da tramadol ko kodin.

Sanannen tsari a duniya shi ne Alcoholics Anonymous, wato AA, wanda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: son daina sha. Ba kuɗin rajista, sai abin da mutum ya ga dama ya jefa don shayi da hayar ɗaki. Zama iri biyu ne, na rufe wanda masu matsalar kaɗai ke shiga, da na buɗe wanda ɗan'uwa ko aboki zai iya raka ka. Ana yin kamar awa guda. Kowa ya faɗi sunansa na farko kawai, ya yi maganar halin da yake ciki, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. In ka ga dama ka yi shiru ka saurara. Ba ƙungiyar addini ba ce, Musulmi da Kirista kowa da Ubangijinsa yake dogara. Bayan 'yan zama ka nemi wanda ya daɗe da bari ya riƙe hannunka, wanda za ka buga wa waya da tsakar dare in sha'awa ta taso. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace.

A kula da wuraren bogi. Inda aka ce a biya maƙudan kuɗi, ko ana sayar da wani jiƙo, ko ana ɗaukar hotuna, ko an ce ka jefar da maganin likita, juya ka fita. Inda ake kulle mutum da mari kuwa ba gyara ba ne. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne zuwa sau ɗaya a ce bai yi ba. Gwada sau biyar ko shida kafin ka yanke hukunci. Na biyu, wanda ya koma sha yakan ji nauyin dawowa, alhali ranar ce ya fi buƙatar zaman, kuma waɗanda ke ɗakin sun san wannan hanyar. Kada ka bi ta gaban mashayar da ka saba, ko da zagaye zai ci maka kuɗin mota.

Idan garinku babu, akwai zaman AA ta intanet a manhajar Zoom dare da rana, yawanci da Turanci, kuma kana iya rufe kyamara. Ko kuma ku kafa naku, domin a tsarin AA mutum biyu ko uku ma rukuni ne. Ku nemi ɗaki a asibitin unguwa, ku tsayar da rana da lokaci ɗaya kowane mako, ku yi alkawarin cewa abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. Mata, iyaye da 'ya'yan mai sha su ma suna da nasu zaman daban, Al-Anon, tun 1951.