Saƙar kwarashi

Saƙar kwarashi wata sana'ar hannu ce da ake yi da zare da kuma ɗan ƙarfe ko roba ko itace guda ɗaya mai lanƙwasa a baki kamar ƙugiya, shi ne ake kira kwarashi. Da shi ake jawo zare ta cikin zarge a fitar da wani zargen, a sake jawowa, haka haka har abu ya tashi, ko hula ko safa ko bargo ko ɗan kyallen nan mai huda-huda da ake shimfiɗawa kan tebur. A Kano mata ne suka fi yin ta a cikin gida, wasu dan sha'awa kawai wasu kuma dan neman na cefane, amma akwai maza masu yi musamman wajen huluna.

Mutane da yawa suna haɗa ta da saƙar kibiya biyu ko ta keken saƙa, alhali ba ɗaya ba ne. A saƙar kibiya biyu idanun layi gaba ɗaya suna rataye a jikin kibiya, in ɗaya ya zame sai ya tsiyaye har ƙasa. A kwarashi kuwa zarge ɗaya tal ne a buɗe, ana gama kowane ido kafin a shiga na gaba, shi yasa za ki iya ajiyewa ki je ki duba tukunya ki dawo ba abin da ya lalace. Kuma abin da ya kamata kowa ya sani, har yau babu injin da yake yin ainihin saƙar kwarashi irin yanda hannu yake yi. Suwaitar kanti inji ne ya saƙa ta, amma in kika ga kwarashi na gaske to wani ɗan Adam ne ya zauna ya yi shi ido bayan ido.

Asali da tarihi

Kalmar daga Faransanci ta samo tushe, ma'anarta ƙaramar ƙugiya, ta biyo ta bakin Turawan Ingila ta zo mana muka mai da ita kwarashi. Ba tsohuwar sana'a ba ce sosai in aka gwada da saƙar masaƙa, dan Kano tana saƙa da rini tun ɗaruruwan shekaru, ga karofin Ƙofar Mata nan shaida, kuma Bature Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya yi rubutu kan yanda tufafin Kano suke kaiwa ƙasashe masu nisa. Ita kwarashi a ƙarni na 19 ta bazu a Turai. Wata mujallar Holan mai suna Penélopé tana cikin na farko da suka buga bayanin yanda ake yin ta, a shekarun 1820.

Inda ta nuna amfaninta sosai shi ne ƙasar Ailan, lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845 sanda cuta ta cinye dankali. An koya wa mata da yara saƙa leshi da kwarashi da siririn zare, ana sayarwa a waje, gidaje da yawa da shi suka ci abinci. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ma ta iya, da hannunta ta saƙa mayafin wuya guda 8 aka ba wa wasu sojojinta a yaƙin Afirka ta Kudu.

A nan Arewa ta yaɗu ta makarantun 'yan mata inda ake koyar da ɗinki da girki, da kuma cibiyoyin koya wa mata sana'a, irin wanda suka ƙaru bayan Maryam Babangida ta kafa shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Amma gaskiya yawancin masu yi ba a aji suka koya ba, a tsakar gida ne, gun yaya ko gwaggo ko matar maƙota.

Kayan aiki

Kwarashi girma-girma ne, ana auna shi da milimita. Na ƙarfe sirara wanda ba su kai milimita 2 ba su ne na siririn zaren auduga, na alminiyam kuma daga milimita 3 zuwa 6 su ne na zaren ulu, su aka fi samu. Ana sayar da su tare da zare a Sabon Gari da Kasuwar Rimi da shagunan kayan ɗinki na cikin unguwa.

Abin da muke ce wa ulu ɗin nan yawanci ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, zaren roba da ake haɗawa daga sinadaran man fetur, ya shigo kasuwa wajen 1950. Yana da arha, kalarsa ba ta zuba, yana wankuwa, amma yana riƙe zafi kuma wuta tana narka shi, dan haka kar a ɗora masa dutsen guga mai zafi kuma kar a yi abin sauke tukunya da shi. Zaren auduga shi ne ya dace da garinmu in ba lokacin hunturu ba, yana shan gumi, kuma shi lambarsa in ta ƙaru siranta yake yi, wato lamba 20 ta fi lamba 10 siranta. Masu dabara kuma suna zuwa Ƙofar Wambai su sayi tsohuwar suwaita ta gwanjo su warware su wanke zaren su sake nannaɗewa, wasu ma leda suke yankawa tsiri-tsiri su saƙa jaka ko tabarmar bakin ƙofa.

Yanda ake yi

Komai daga sarƙa yake farawa, wato jerin zarge ɗaya cikin ɗaya. Daga nan akwai gajeren ido, akwai dogo wanda sai an naɗa zare a kwarashi sau ɗaya kafin a soka, akwai wanda ya fi shi tsayi mai naɗi biyu. Kusan duk wani dizayin da za ki gani, komai kyansa, daga waɗannan aka haɗa shi. Mai koyo a YouTube ta lura da abu ɗaya, sunan da 'yan Amurka suke ba idanun nan ya bambanta da na 'yan Ingila, suna ɗaya ne amma ido daban, mutane da yawa sun sha warware aiki saboda haka.

Wahalar farko ba kwarashin ba ne, riƙon zare ne. Ni a gun gwaggona na koya a cikin gari, bayan la'asar take baje tabarma, ta jefa dunƙulen zaren a cikin wani tsohon kwanon samira dan kar ya gangara ya kwashi ƙasa, ta naɗa zaren a ƙaramin yatsa ta ɗora kan manuni, tana hira tana yi ko kallon hannun ba ta yi. Na farko da na saƙa sai ya tashi ya kife kamar ƙoƙo, na kai mata ina neman kuka, ta juya shi ta ce, “'Yar nan ai rowar ido kika yi masa, warware ki ƙara.” Na ce, “Gwaggo duka?” Ta ce duka.

Kuma lissafi ne tsantsa ta faɗa. In ana saƙa zagaye da dogon ido ana farawa da 12, kowane layi a ƙara 12, ya zama 24, 36, 48, in gajeren ido ne 6 ake ƙarawa. Aka rage sai ya yi ƙoƙo, wanda dama haka ake yin hula, a daina ƙari sai gefe ya sauko. Aka yi yawa kuma sai bakin ya yi ta tattarewa kamar ganyen latas. Wannan tattarewar ce ma wata malamar lissafi 'yar Latbiya, Daina Taimina, ta yi amfani da ita a 1997 a jami'ar Cornell ta Amurka, ta saƙa wata siffa ta lissafi da ake shan wuyar nuna wa ɗalibai da takarda.

Abubuwan da ake saƙawa

Kyallen ado na tebur da kujera shi ne wanda duk wanda ya tashi a shekarun 1980 da 1990 ya sani. A ɗakin amarya za ka gan shi a kan talabijin, kan rediyo, cikin shogilas ƙarƙashin tangaran, da bayan kushin. Na bayan kujerar ma yana da dalili, a Ingila maza suna shafa wani man gashi da ake kira Makasa yana ɓata kujera sai aka riƙa shimfiɗa kyalle a gun da ƙeya take taɓawa, mu ma da man kitso haka ne. Ana yin sa da farin zaren auduga, in an gama a tsoma a sitati a baje a kafe bakin da fil har ya bushe, sannan furen yake buɗewa. Akwai kuma marfin jug mai duwatsu a baki saboda ƙuda.

Bargo kuma, wanda Turawa suke kira da sunan ƙasar Afganistan, an fi yin sa da ƙananan murabba'i kala-kala da ake saƙawa ɗaya-ɗaya daga tsakiya sannan a harhaɗa, salon da ya yi tashe a shekarun 1970 kuma ya dawo yanzu a riguna da jakunkuna. Daɗinsa shi ne ragowar zare ba ya asara. Sai dai in kala ɗaya za a yi to a sayi zaren gaba ɗaya lokaci guda, dan rini yana bambanta ko da kamfani ɗaya ne.

Amma abin da ya fi tafiya a Kano kayan jarirai ne, hula da safa da rigar sanyi da shawul, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ana kaiwa barka ko ranar suna. Nan a kula, kar a sa wa na jariri duwatsu ko maɓalli da zai iya cirewa, kuma igiyar wuya ba ta da amfani. Sai farar hular nan ta maza mai manne wa kai, da fos, da takalmi, da 'yartsana irin salon Japan da ake kira amigurumi.

Sha'awa da kasuwa

Masu yi da yawa suna cewa tana kwantar musu da hankali, hannu yana aiki zuciya tana hutawa, ga shi ba ta buƙatar wutar NEPA, ba ta ƙara, a jaka ake sa ta a tafi asibiti layi ko gidan biki. Matsalarta ciwon wuyan hannu da kafaɗa da gajiyar ido in an daɗe, musamman baƙin zare da daddare, ya kamata a riƙa tashi ana miƙewa.

Inda abin yake min ciwo shi ne farashi. A ɗauka bargo ne mai faɗin santimita 120 da tsayin 150, da murabba'i mai santimita 10, guda 180 kenan, in kowanne ya ci minti 20 an yi awa 60 ba a ma fara haɗawa da yin baki ba, kuma kwarashi ya fi saƙar kibiya cin zare. Amma mai saye sai ta gwada shi da bargon kanti ta ce ai ya yi tsada, ita kuma mai saƙa saboda kunya ko zumunci ta karɓi kuɗin zare kawai ta ce Allah ya sa albarka. 'Yan matan da suke tallata nasu a Instagram da WhatsApp yanzu sun fara gyara wannan, suna karɓar rabin kuɗi kafin su sayi zare, suna lissafa kwanakin da aikin zai ci, kuma suna faɗa wa mai oda tun farko cewa kayan suna sai an ba da sati biyu ko uku.