Shafin Intanet da Makaho Ba Zai Iya Shiga Ba: Me Doka Ta Ce?

Kwanakin baya, a wani shagon kwamfuta da ke Zoo Road, na tarar da wani matashi makaho yana cike fom na neman aiki da wayarsa. TalkBack ce ke karanta masa, manhajar nan ta Android mai faɗin abin da ke kan allo da murya, kuma ya ƙware a kanta, har ya fi ni saurin duba saƙo. Sai da ya kai ƙarshe shafin ya ce ya kwafi haruffan da yake gani a cikin hoto. "Don Allah yallaɓai, duba min," ya ce da mai shagon. Kafin su gama, sai da ya faɗi lambar sirrinsa a gaban mutum biyar.

Wasu za su ce ƙaddara ce. A wajen doka kuwa, maganar haƙƙi ce.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018. Sashenta na farko ya ce babu wani mutum ko hukuma da za su nuna wa wani wariya saboda nakasarsa, ta kowace fuska. Wanda ya karya, in mutum ne, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun; in kamfani ne, naira miliyan ɗaya. Wanda aka zalunta kuma yana iya shigar da ƙarar kansa. Yawancin bayanin dokar kan gine-gine ne da sufuri da makaranta da ɗaukar aiki, har ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wanda ya cika a Janairun 2024. To amma a fahimtata, "ta kowace fuska" ɗin nan ta haɗa da shafin da babu hanyar neman aiki ko biyan kuɗin makaranta sai ta cikinsa. Ga kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010. Sashenta na 9 ya ambaci intanet ƙarara.

A Amurka wani makaho ya kai kamfanin Domino's kotu don ya kasa sayen abinci ta shafinsu, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar kamfanin. Tarayyar Turai ma dokarta ta fara aiki a Yunin 2025, ta shafi bankuna da masu ciniki ta intanet. Ɗan Kantin Kwari mai burin kai atamfa can, ya sa wannan a ransa.

Ma'aunin da duniya ke bi wajen sauƙaƙa wa nakasassu shiga shafin intanet shi ne WCAG, na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, mai matakai uku: A, AA da AAA. Na tsakiyar aka fi nema. Abin da yake buƙata ba wani tashin hankali ba ne. Kowane hoto a ɓoye masa ɗan bayani da manhaja za ta karanta. Nan muka fi faɗuwa, don mu dai a ɗauki hoton takardar sanarwa da hatiminta a ɗora, alhali wayar makaho iyakarta ta ce "hoto" ta yi shiru. Bidiyo a sa masa rubutun magana saboda kurame. Launin rubutu ya rabu da na bango sosai, ba ruwan ɗorawa a kan fari ba, wanda ko mai ido biyu sai ya tsuke fuska a ranar Kano.

In kana da shafi, ka ture linzamin kwamfuta gefe, ka cike fom ɗinka da maɓallin Tab da Enter kaɗai. Sannan ka kunna TalkBack, ka rufe ido, ka nemi inda aka rubuta "Aika".