Silin na allon jifsam

Silin na allon jifsam rufi ne na cikin ɗaki da ake yi da faffaɗan alluna waɗanda aka cika tsakiyarsu da jifsam, wato wani farin ma'adini mai laushi, aka lulluɓe fuskokinsu biyu da takarda mai kauri. Ya bambanta da silin POP da aka saba gani a biranen Najeriya, wanda ake kwaɓa garinsa da ruwa a zuba a wurin aiki, domin shi allon a bushe yake zuwa daga masana'anta. Wannan ne ya sa mai gida, idan yana da kayan aiki da mai taimaka masa, zai iya kafa shi da kansa.

Asalin allon daga Amurka ne. Augustine Sackett ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1894, daga baya kamfanin United States Gypsum ya sayi masana'antarsa, ya fito da samfurin Sheetrock. Magina ba su rungume shi sosai ba sai a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙarancin ma'aikata ya sa aka nemi abin da ya fi yaɓe sauri. Kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyin jifsam ruwa ne da ke ɗaure a cikin sinadarinsa, kuma idan wuta ta kama, ruwan yakan fita a matsayin tururi, ya rage saurin bazuwarta.

Allon da aka fi samu yana da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, wato kimanin mita 1.2 da 2.4. Mai kaurin rabin inci yakan kai kilo 20 zuwa 25, kuma a nan wahalar aikin take, saboda dole a ɗaga wannan nauyi sama da kai, a riƙe shi daidai har a ɗaure. Mutum ɗaya ba ya iyawa sai da na'urar ɗagawa, ko wani katako da ake haɗa wa gindi da kai mai siffar T a tokare allon da shi.

Kafin a ɗaga allo ko ɗaya, ana duba firam ɗin katako ko na ƙarfe da zai ɗauke shi. Tazarar sandunan kan kasance santimita 40 ko 60, kuma idan ta kai 60 ya fi kyau a yi amfani da allo mai kauri, in ba haka ba silin zai yi ciki bayan wani lokaci. A wannan matakin ne ake gama jan wayar lantarki, a kuma ƙarfafa wurin da fanka za ta rataya, domin allon ba ya ɗaukar nauyinta. Haka nan ana gyara duk wani yoyon kwano, tunda jifsam da ruwa ba sa shiri.

Ana shimfiɗa allunan a gicciye da sandunan, a fara daga kusurwa, a kuma saɓa mahaɗansu yadda ba za su faɗa a layi ɗaya ba, wanda hakan ke rage tsagewa. Ana ɗaure su da sukuru, kowane santimita 30 ko ƙasa da haka. Kan sukurun ya ɗan nutse a cikin takardar ba tare da ya yaga ta ba. Idan ya yaga, riƙonsa ya tashi, sai a ƙara wani a gefensa.

Rufe mahaɗai shi ne aikin da ke tona asirin gaggawa. Ana shafa kwaɓi na musamman na cike mahaɗai, a manna tef, sannan a bi da shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya fi na baya faɗi, a bar shi ya bushe, galibi kwana guda, kafin na gaba. Bayan an goge da samfefa, hasken fitila da aka haska daga gefe yakan nuna tudu da kwarin da ido bai gani ba kafin fenti. Ƙurar gogewar tana buƙatar takunkumi da tabarau.

A tsofaffin gidaje da ke da silin asbestos, fasa shi na sakin zaruruwa masu illa ga huhu, don haka cire shi aikin ƙwararru ne.