Illolin Kafofin Sada Zumunta a Jos

Kafofin sada zumunta, waɗanda jama'a ke kira soshiyal midiya, su ne dandalolin intanet irin su Facebook, WhatsApp, Instagram, TikTok da X, inda kowa ke iya wallafa rubutu, hoto, murya ko bidiyo ba tare da wani edita ya tace ba. Sun sauƙaƙa ciniki da zumunci da neman ilimi. Sai dai kamfanonin da suka mallake su da kuɗin talla suke rayuwa, don haka an ƙera su ne su riƙe idon mutum a kan waya gwargwadon iko, kuma abin da ya fi tayar da hankali shi ya fi saurin yaɗuwa. Yawancin illolinsu daga nan suke tasowa.

Jita-jita da zaman lafiya

A Jos wannan illa ta fi nauyi fiye da garuruwa da yawa. Tun rikicin watan Satumba na 2001 unguwanni suka rarrabu bisa addini da ƙabila, har ya zama mutum kan ji labarin maƙwabciyar unguwa ta waya maimakon daga bakin mazaunanta. Inda zargi ya riga ya yi kaka-gida, saƙon murya guda mai cewa "ga su nan zuwa" ya isa ya sa a rufe shaguna a kasuwar Terminus, iyaye su ruga makaranta ɗauko yara, kafin kowa ya tambayi wanda ya yi maganar.

Misali mafi muni ya faru a watan Yuni na 2018, lokacin hare-haren yankin Gashish a ƙaramar hukumar Barikin Ladi. Kashe-kashen gaskiya ne, amma wasu hotuna masu tayar da hankali da aka yaɗa a Facebook ba na wurin ba ne. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na wannan shekara ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin an ɗauke shi ne a Kongo-Brazzaville tun 2012. 'Yan sandan Filato sun shaida wa masu binciken cewa irin waɗannan hotuna sun rura wutar ramuwar gayya, inda aka tare hanya aka kashe matafiya 11. Abin baƙin ciki shi ne, da yawa daga masu turawa ba da mugun nufi suke yi ba. A ganinsu 'yan'uwa suke ankararwa.

Ƙaryar lafiya ma ta ci rayuka. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, saƙon da ya ce a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi ya karaɗe Najeriya cikin dare ɗaya, aka kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu.

Lafiyar ƙwaƙwalwa

Alamomin da aka fi danganta wa yawan amfani da kafofin su ne rashin barci, fargaba, ciwon damuwa da raguwar natsuwa wajen karatu. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a kansu haɗarin kamuwa da alamomin damuwa da fargaba yakan ninka a gare su. Kafin nan, takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa kamfanin Facebook ya san Instagram na sa wasu 'yan mata ƙin siffar jikinsu. Masana na ci gaba da muhawara kan ko kafofin ne ke haddasa ciwon, ko mai damuwa ne ya fi maƙale musu.

A tsakanin Hausawa matsalar takan bayyana ta hanyar gasa: lefe, dinar biki, anko, kayan ɗaki. Budurwa ko matashin da ke fama da tsadar rayuwa yana kallon zaɓaɓɓun hotunan wasu kullum, sai ya ɗauka shi kaɗai aka bari a baya. Ga kuma tozarci. Bidiyon sirri da aka saki bayan an ɓata, ko zagin taron dangi a ƙarƙashin hoto, na iya rusa aure ko fitar da yarinya daga makaranta, kuma kunya takan hana a kai kuka ko asibiti ko wajen hukuma.

Damfara da doka

Sace asusun WhatsApp ta hanyar neman lambar sirri, tallan aikin bogi da barazanar sakin hotunan tsiraici duk sun zama ruwan dare. A watan Yuli na 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ta ce ta rufe asusun Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda wannan barazana ta ƙarshe.

Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita ce babbar madogarar hukuma, ko da yake 'yan jarida sun daɗe suna kokawa cewa ana amfani da sashe na 24 wajen kama masu sukar gwamnati. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, wato X ta yanzu, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. A Janairu 2023 kuma aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.