Bayan digirin digirgir: tambayoyi kan aikin bincike a jami'o'in fasaha

Wannan "fosdok" ɗin, wato aikin bincike bayan digirgir, ƙarin karatu ne?

A'a, aiki ne, da albashinsa da wa'adinsa, kuma ba a ba da wani digiri a ƙarshensa. Farfesa ne ke samo kuɗin bincike, sai ya ɗauki sabon dakta ya riƙe masa ɗakin gwaji, ya rubuta maƙalu, ya sa ido a kan ɗalibai. Yawanci shekara ɗaya zuwa uku ne. Ya kamata a yi wa iyaye wannan bayani, don da dakta ya ce zai tafi, sai ka ji Baba ya ce, "Wai har yanzu bokon nan bai ƙare ba?"

A ina ake samu?

Muna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura wadda aka kafa a 2021, amma irin waɗannan gurabe ba su da yawa a ƙasarmu. Malamin jami'ar gwamnati kan nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarsa. A waje kuwa, jami'o'in fasaha na Munich a Jamus, Delft a Holan da ta Sarki Fahad a Dhahran ta Saudiyya suna tallata gurabe a shafukansu na intanet, kuma shafin EURAXESS yana tattara guraben Turai. Akwai tallafin Georg Forster na Gidauniyar Humboldt ta Jamus, na masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da kammala digirgir ba.

Me suke dubawa?

Maƙalun da ka wallafa, kafin komai. Biyu a mujallar da masana fanninka ke karantawa sun fi goma a waɗanda ake biyan kuɗi su buga cikin mako guda. Sai wasiƙarka. Kada ka rubuta ɗaya ka watsa wa farfesoshi barkatai. Karanta aikin mutumin, ka faɗa masa wace na'ura ka iya, wace matsala tasa za ka taɓa.

Wanda ya taso a karkara, ba shi da babban ɗakin gwaji, yana da rabo?

Yana da shi, kuma nan ne nake ganin muna raina kanmu. Ka san yadda kachala ke toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja zuwa Nguru. Ka ga ambaliya ta kwashe shinkafa a Auyo, ka ga tumaturin Kadawa na ruɓewa a kwando don babu wurin sanyi. Ka ga manomin rani yana goge ƙurar hunturu daga allon sola da hularsa don famfo ya ƙara ƙarfi. Injiniyoyin ruwa da na makamashi a Turai suna nazarin ire-iren waɗannan matsaloli, kuma suna bukatar wanda zai iya shiga gona ya auna, ya yi magana da manoma da harshensu. Ka gina tsarin bincikenka a kan wannan, da alƙaluman da ka tattara da hannunka.

Ana biyan kuɗin nema?

Ba a biya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne. Abin da za ka tanada shi ne fasfo, kuɗin biza, da takardar izinin hutu daga jami'arka idan kana koyarwa.